Jan Fenti a Kan Saƙar Malam

Da asubar Talata muka tashi. Liman bai gama shafa addu'a a masallacin layinmu na Sheshe ba, direba ya fara kirana a waya, wai yana bakin titi, wai Injiniya yana ta duba agogo. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka na rataya jaka, na riƙo hular kwano da takalman aiki a leda, na fito ina tsallake kwata. A ƙofar gidan da ke kallon namu na tarar da tsohuwa mai ƙosai tana hura wuta. Ta dubi hular, ta dube ni, ta ce, "Yau ma acaɓar za a fita?" Shekara biyu ke nan tana yi min wannan tambayar. Na ce mata in na dawo zan goya ta kyauta zuwa asibiti a duba mata bakin nan.

Mu uku ne a motar kamfani: direba, da Injiniya wanda shi ne shugabana a wurin aiki, da ni. Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, aikina duba igiya ne. Ba ta shanya ba, ba ta guga ba. Igiyar ƙarfe, irin wadda masana'antu ke rataya kaya a jikinta ta ja su daga wani wuri zuwa wani. Silin waya ake murɗawa su zama tufka, a naɗe tufka shida a kan wani zare mai riƙe mai da ke tsakiya, wanda muke kira ɓargo. Ita ma tana tsufa. Sili yana karyewa, jiki yana ramewa, tsatsa tana ci daga ciki. Ana biyana ne in gano haka kafin ta gaya wa mutane da kanta.

A hannun maigidana na koya, Allah ya jiƙansa. Malam ya yi shekara goma sha tara yana saƙar igiya a wani kamfanin niƙa farin dutse can bayan Akwanga. Igiyar da take zagayawa ba ta da farko ba ta da ƙarshe, dole a haɗa bakinta biyu, kuma ba da ƙulli ba, don ƙulli ba ya bi ta kan wili. Warware bakunan ake yi, a kwantar da tufkar wannan a gurbin ta wancan, a cusa jelar kowacce can ciki inda ɓargo yake. Wannan ita ce saƙa. Duk wata biyu yake zuwa gida, kuma ko ya zo hannunsa ba ya zama. Sai ya baje guntayen igiya a tsakar gida yana gwaji. Wasu matan ana ce musu kalamai masu daɗi, ni abin da aka fi ce min shi ne, "Riƙe nan, kada ki saki." Da haka hannuna ya san igiya tun ban san baƙi ko ɗaya na boko ba.

Ina da shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda na gaji da kai wa 'yar maƙwabta wayata ta karanta min saƙon mijina tana murmushi. Bayan shekara biyar da fara karatun, ciwo ya kwantar da Malam, ya rasu a ɗakina. Da na fita takaba na sami aikin shara a wannan kamfanin na masu duba igiya. Wata rana na ga an jingine wata igiya da aka ce lafiyarta ƙalau, na ce ƙarya ne. Injiniya bai kore ni ba, ya ce in nuna masa. Jarrabawar aikin kuwa sai a zama na uku na ci. Wanda yake son yin dariya ya yi, takardar tana rataye a bango.

To ga abin da ya sa wannan tafiyar ta bambanta. Kamfanin da za mu shi ne inda Malam ya yi aiki, kuma ban taɓa taka wurin ba. Duk saƙar da ya yi a rayuwarsa an sauya ta, saura guda ɗaya, wadda ya yi shekara ɗaya kafin ya kwanta. Tana nan tana aiki. Injiniya ya kira ni ofis ya ce, "Hajiya, in kika ce ta mutu, yanke ta za a yi. In ba za ki iya ba, in tafi da wani." Na ce masa in ya tafi da wani, kada ya dawo ya same ni a kamfaninsa. Ni mace ce, ban raka Malam makabarta ba, ban san gurbin da aka sa shi ba. Abu ɗaya ya rage a duniya da hannunsa ya yi wanda zan iya taɓawa, kuma ni aka ɗora wa in faɗi ko zai ci gaba da zama.

Ta Ƙofar Na'isa muka fita, muka hau titin Zariya gari bai gama wayewa ba. A Na'ibawa manyan motoci sun riga sun fara sauke lemo da ayaba. Ba mu tsaya ba sai Kwanar Dangora, inda muka karya. Mai shayin wurin ya yanko min burodi siriri har ina hango fuskarsa ta ciki, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na cikin gari. Na tambaye shi ko alkamar daga Makka aka kawo. Ya ce, "Hajiya, mai ne ya yi tsada." Na ce ban ce ya zuba min fetur a shayi ba. Injiniya ya biya da sauri don kada a tara mana jama'a.

Daga nan muka karya hagu muka nufi Tudun Wada. Ƙarshen damina ne, dawa ta sunkuyar da kai, ko ina kore shar. Titin kuwa wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. Da muka shiga dajin Falgore direba ya kashe rediyo, ya daina surutu, ya taka mota. Ban tambaye shi dalili ba, kowa ya sani. Birai ne kawai a bakin hanya suna kallonmu kamar masu karɓar haraji. Sai da muka ga rumfunan masara a Saminaka sannan kowa ya tuna yana da baki. Na sayi gasasshiya biyu, na ci ɗaya, ɗayar ta huce a hannuna. Lissafi nake yi. Wannan hanyar Malam ya bi, zuwa da dawowa, duk wata biyu, shekara goma sha tara, a motar haya, a matse. Ni kuwa in ya iso abin da nake fara cewa shi ne ya yi dare.

Jos ta tarbe mu da sanyi da yayyafi. A fitar gari, ta hanyar kudu, akwai wurin da mata ke jera dankalin Turawa a bokitai, da kabeji da karas. Ina ganin bokitan nan na ce direba ya tsaya. Irinsu ne sak, da tulin da ake yi musu a sama, manya a fuska ƙanana a ƙasa. Duk zuwan Malam da wannan dankalin yake zuwa, kuma duk zuwa sai na juye shi a tsakar gida na nuna masa yadda aka cuce shi. Ashe nan yake tsayawa. Na tsaya a gaban wata mai goyo ina kallon bokitinta har ta ce, "Mama, za ki saya ne ko hoto za ki ɗauka?" Na saya. Ban taya ba, ban juye ba. Direba ya ce tunda yake da ni bai taɓa ganin an yi min farashi na yi shiru ba, ko jikin ne.

Hawan Kibo gangara ce mai sa mutum ya tuna duk addu'ar da ya sani. Gawarwakin tireloli na kwance a gefen rami, wasu har ciyawa ta tsiro a cikinsu. Muna sauka sanyin ya tsaya a sama, zafi ya karɓe mu. A Akwanga muka yi sallah, muka ci sakwara da miyar agushi a wata rumfa, doyar tana da daɗi, naman kuwa da shi da igiyar da nake dubawa ban san wanda ya fi tauri ba. Daga nan muka bar kwalta muka bi jar hanya, muka isa bayan la'asar.

Tun daga nesa ake ganinta. A saman tsauni ake fasa dutsen, injin niƙa kuma yana ƙasa, tafiyar kusan rabin awa a ƙafa. Tsakaninsu an kafa dogayen turakun ƙarfe, igiyar tana bi ta kansu, bokitan ƙarfe na rataye a jikinta, cikakku suna sauka, wofi suna hawa. Ta ratsa saman gonakin rogo, ta ratsa saman wata 'yar hanya da mutanen ƙauyen ke bi zuwa rafi. Kaurinta ya kai wuyan hannuna. Tana da wani kuka marar yankewa, ƙasa-ƙasa, wanda sai ka yi shiru kake jin sa a ƙirji. Malam ya sha ce min in ya zo gida shirun Sheshe yana hana shi barci. Ina ce masa wane shiru, ga masu wa'azi ga injin markaɗe. Ranar na gane.

A tashar ƙasa, inda igiyar ke zagaya wani ƙaton wili ta koma, wani dattijo ya taso yana goge hannu a wando. Ɗan ƙauyen ne, shi ke shafa wa igiyar giris tun kafin Malam ya zo. Ban san fuskarsa ba, amma yana yin sallama na gane muryar. Ya zo ta'aziyya har Sheshe, ina cikin ɗaki ina jin sa daga zaure yana kuka kamar ba namiji ba. Ya ce, "Matar Malam ce da kanta?" Na ce ni ce, Baba. Ya nuna min benci a gindin wani mangwaro, ya ce nan suke cin abinci, kwano ɗaya, shi ya yi addu'arsa ta coci Malam ya yi bisimilla.

Muna cikin gaisawa sai wani ma'aikaci daga saman dandamali ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai faɗin lokaci, "Malam ya iso."

Wallahi juyawa na yi ina duba ƙofa.

Dattijon ya nuna min sama. Wani yanki na igiyar ne yake shigowa, an shafa masa koren fenti a farko da ƙarshe. Saƙar ce. Ya ce saboda kyanta ba a gane inda ta fara, shi ya sa suka yi mata alama. Duk minti arba'in take zagayowa, kuma duk wanda ya fara hango koren sai ya faɗa. Wasu su ɗaga hannu, wasu su ce a sauka lafiya. Har sababbin ma'aikata da ba su taɓa ganin Malam ba sun ɗauka. Na tsaya ina kallo ta shiga wilin, ta zagaya ba ko gargada, ta kama hanyar tsauni. Injiniya ya ce mu je masauki. Na ce ya yi gaba. Sai da na jira ta dawo sau biyu.

Washegari da hantsi muka fara aiki. Injiniya yana da wata na'ura da ake maƙala wa igiya, a tafiyar da ita a hankali, na'urar tana zana layi a allon kwamfuta. Inda sili ya karye layin sai ya yi tsalle. Muka bi igiyar kaf, ba laifi, ta tsufa amma da sauranta. Da koren fenti ya shiga na'urar sai layin ya haukace gaba ɗaya. Haka yake yi a kan kowace saƙa, don jelolin da aka cusa a ciki suna ruɗa shi. Saƙa ba ta dubuwa da na'ura. Sai ido, sai hannu. Wato sai ni.

Aka tsayar da igiyar, saƙar ta daidaita da dandamali, na hau. Abin da na gani ya ɗaure min kai. Sauran igiyar mai ne kaɗan a jikinta, kana ganin kowane sili. Saƙar Malam kuwa an lafta mata giris, wani kan wani, ya bushe ya yi ɓawo kamar kwalta. Ko tufka ɗaya ba a gani.

Na ce, "Baba, yaushe rabon da a wanke nan?"

Ya ce, "Wanke? Ai nan ba a taɓawa. Kowane sati nakan ba ta kashi biyu, sauran igiyar kashi ɗaya."

"Masu dubawa fa?"

"In sun zo nan mukan ce musu saƙar Malam ce, sai su wuce."

Na juya na dubi Injiniya, don kamfaninmu ne ya zo bara. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ya ce, "Hajiya, kin san aikin mutumin." Na ce na san shi fiye da kowa a nan, kuma da yana raye da ya jefe ku da guduma. Na ce a kawo min kananzir da buroshin waya da tsumma.

Awa biyu muna kankara. Tsawon saƙar ya fi daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin layi, ana matso min da ita kaɗan-kaɗan. Da baƙin ya fara sauka sai ga aikin ya fito. Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba. Kowane masaƙi da hannunsa, kamar yadda kowace mai kitso take da nata. Wurin da tufka biyu suka haɗu suka nutse ciki, Malam yakan kwantar da su gefe da gefe, ya daddale da gudumar katako, ba ta ƙarfe ba, don kada ya ji wa sili ciwo. Ga shi nan, sumul. Na san yadda ya tsaya, na san yadda ya ciji leɓe. Doka ta hana a shafa igiya da hannu tsirara, karyayyen sili yana tsaga tafin hannu. Na cire safar hannu na ɗora tafina a kai. Da ɗumin rana a jikinta.

Yadda ake dubawa ba wuya. Tsumma ake naɗawa a jikin igiya a ja shi a hankali. In akwai silin da ya karye, zai kama zare. Mahaɗa shida ce a saƙar. Ta farko tsumma ya wuce lafiya. Ta biyu ma haka. Na kama kaina ina addu'ar da mai duba igiya bai kamata ya yi ba, ina roƙon kada in ga komai.

A ta uku tsumman ya tsaya.

Na ja, ya yage. Na sa alli na fara ƙirga karyayyun sili, na wuce adadin da aka yarda da shi ban kai rabin wurin ba. Na sa ma'auni, igiyar ta rame a nan, ta shige ciki kamar kumatun mara lafiya. Na cusa tsinken ƙarfe tsakanin tufka biyu na ɗan buɗa. Wani jan gari ya zubo min a hannu, laushinsa kamar garin lalle. Tsatsa ce. Ruwan damina biyar ya sami hanya ya shiga ƙarƙashin ɓawon giris ɗin, ɓawon kuma ya hana shi fita. Daga waje tana sheƙi, ciki ya zama ƙasa.

Aka kira manaja. Mutum ne mai fara'a, ya duba, ya yarda abin ba kyau. Sai ya ce mai saƙar da suke kira yanzu daga nesa yake, ba zai iso ba sai Litinin, kuma ga odar kaya a gabansu. Ko za a rage nauyin bokitai zuwa rabi, a lallaɓa zuwa ƙarshen shekara? A takardar da nake cikewa akwai gurbi uku: lafiya, a sake dubawa bayan wata uku, a tsayar yanzu. Na biyun halal ne, ana rubuta shi kullum. Ba zan yi muku ƙarya ba, bakin birona ya sauka a kansa. Wata uku. Da sai in sake biyo hanyar nan, in zauna a bencin nan, in ji an ce ya iso.

Dattijon ya matso ya rage murya. Ya ce, "Mama, mijinki ne fa."

Na ce, "Baba, in tana tafiya, wa yake tsayawa a ƙarƙashinta da gwangwanin giris?"

Ya ce shi ne.

"Jikokinka ta ina suke zuwa rafi?"

Ya juya ya dubi wajen hanyar rafin.

Na ce, "Mijina yana kwance a Kano shekara huɗu. Wannan waya ce, kuma ta ruɓe." Na ja layi a gurbi na uku, na rubuta dalili da hannuna, da manyan baƙaƙen nan nawa da yara ke yi wa dariya, na sa hannu. Injiniya ya karɓa ya sa nasa a ƙasa. Manaja ya fara wata magana, na ce masa in yana so ta yi tafiya ya kawo kujerarsa ya ajiye a ƙarƙashin turke na uku, ni zan kunna masa da kaina.

Abin da aka kashe ana shafa masa jan fenti, don kada wani ya yi kuskure. Aikin mai dubawa ne. Na karɓi gwangwanin na bi koren nan na rufe shi, farko da ƙarshe, da mahaɗa ta uku. Aka sa kwaɗo a makunnin injin. Bokitai suka tsaya cak a sararin sama, kukan nan ya ɗauke, har ana jin zakara daga ƙauye. Ma'aikata suka watse ɗaya-ɗaya, ba wanda ya dube ni.

Dattijon ne kawai ya rage. Ya daɗe yana kallon jan garin da ya zuba a dandamali, sannan ya ce, "Giris ɗina ne ya yi wannan?"

Da wata ce da ta ce a'a, ƙaddara ce. Na ce, "Shi ne, Baba. Mai kaɗan ake sawa, a goge, a duba, a sake sawa." Ya gyaɗa kai. Na ƙara da cewa ko ba giris, saƙar da ta yi shekara biyar tana jan dutse ta gama biyan bashin kowa, ba ta da sauran kunya. Ban sani ba ko ya ji wannan.

Ya ce in an yanke zai ajiye min guntu, ko kamu ɗaya, daga wurin da yake da kyau, ya aiko min Kano. Na ce a'a. Na ce a yayyanka ta gajeru-gajeru da wuta a zuba wa 'yan gwangwan, don na san halin mutanenmu, in aka bar ta da tsawo gobe za ka gan ta a kasuwa ana sayar wa direbobi su ja mota. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Kamu ɗaya ba ya jan mota. Na riga na ce waya ce a gaban maza goma, bakina ya ƙi dawowa ya roƙi guntunta. Ya karɓi wayata ya sa min lambarsa, ya ce ko da wani abu.

Ranar Alhamis da sassafe muka juyo. Hawan Kibo ya fi sauƙi a hawa fiye da sauka, in ban da tirelar da muka bi a baya tana tafiya kamar mai zuwa biko. A Jos ban ce a tsaya ba. A Saminaka direba ya sayo min masara bai tambaye ni ba, ya miƙo ta baya bai juyo ba. Injiniya ya yi ta waya da wasu kamfanoni biyu da muka duba musu a bara, yana tambaya ko akwai wurin da aka ce mana kada mu taɓa. Ruwa ya tare mu a Tudun Wada ya rako mu har Kwanar Dangora. Ana kiran magariba muka shigo ta Ƙofar Na'isa.

Babbar 'yata, wadda ta zo daga gidanta ta zauna da ƙannenta kwana biyun, ita ta karɓi jakata. Ta ga dankali ta dube ni, don ta san daga inda irinsa yake zuwa. Ta zuba min ruwa ina wanke hannu, jan fentin ya ƙi fita daga gefen farce.

Ta ce, "Umma, kin ga aikin Baba?"

Na ce na gani, na taɓa.

"Yana nan lafiya?"

Na ce, "Na sa a cire."

Ta ci gaba da zuba ruwan har butar ta ƙare. Sannan ta ce ko hoto na ɗauka. Ban ɗauka ba. Hannuna duk kananzir ne, kuma ban tuna ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan biyu ne, kuma ɗaya kawai zan iya koya wa wani. Ga masu aiki irin nawa: wurin da aka ce muku kada ku duba saboda girman wanda ya yi shi, daga nan za ku fara. Mutanen nan ba mugunta suka yi ba, ƙauna ce, sun yi ta lafta mata mai suna gaishe ta, ba wanda ya iya goge ta ya kalle ta. Da an wanke ta tun damina ta biyu, da wataƙila yau tana tafiya. A kan wannan ba na nadama, ko gobe aka mayar da ni gurbi na uku zan ja wa layi.

Na biyun nawa ne ni kaɗai. Kaifin bakin da ya tsayar da igiyar shi ne ya hana ni kamu ɗaya na aikin mijina, kuma ban san yadda ake raba su ba. Lambar dattijon tana cikin wayata. Mai saƙar zai iso Litinin da wutar yankansa. Yau Asabar, har yanzu ban kira ba.